Yadda Ake Wuni a Ƙarƙashin A-kori-kura Ba a Kwance Noti Ko Ɗaya Ba

Kai da Asabar ce kaɗai ranar hutunka, amma gari na wayewa sai a taso ka da "kai ni nan, ɗauko min can", share hawayenka. Muddin kana da a-kori-kura mai shan dizal a ƙofar gida, ka gama da rabin matsalar. Bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbaci za ka kwanta ka huta har bayanka ya yi tsami, matarka na kawo maka ruwan sanyi tana yi maka sannu da aiki. In bai yi ba, ka zo shagona ka zage ni.

Ni mai sayar da kayan mota ce. Baƙin mai, man birki, filtoci, abin da maigidana ya bar min ke nan, Allah ya ji ƙansa. Ilimin da zan ba ka kuwa ba nawa ba ne, ta ƙofar shagona na kwashe shi daga maƙwabcina, wanda matarsa ke kira Injiniya duk da aikinsa a ofis buga hatimi ne. Motar ma a gwanjon ma'aikatarsu ya saye ta. Ita matar buƙatarta ɗaya tak. Mahaifinta na kwance ba lafiya a garinsu mai nisa, ta tattara abin da take da shi ta saya masa gado irin na asibiti mai ɗaga kai, tana so a kai ta a kai gadon. Shi kuma Injiniya ba ya son hanyar, ba ya son bencin gidan surukinsa, ba ya son wurin da waya ba ta kamawa. To ga yadda gwani yake yi.

Mataki na 1: Riga ta magana

Kar ka bari Asabar ta same ka ba shiri. Tun ranar Juma'a da yamma, kana dawowa daga aiki, kar ka kashe motar nan da nan. Bar ta tana kaɗawa, ka fito ka karkata kunne wajen bonet, ka sha mur. Ka jira sai matarka ta leƙo.

Za ta ce, "Baban yara, lafiya?"

Ka girgiza kai a hankali ka ce, "Ba ki ji ba?"

Ba ta ji komai ba, kai ma ba ka ji ba. Injin dizal dama haka Allah ya yi shi da surutu. Amma mace mai ladabi ba za ta tsaya musu da kai a kan ƙarar inji ba. Sai ka ƙara da cewa, "Gobe sai na shiga ƙarƙashinta. Ba zan ɗauke ki da yara a kan wannan doguwar hanya ina jin wannan ƙarar ba." Ka ga yanzu ƙin zuwan ya zama ƙauna.

Mataki na 2: Tanadi kayan aiki

Je shagon kayan mota da rana tsaka, lokacin da unguwa ke gani. Sayi galan ɗin baƙin mai guda da filta guda, wadda kwalinta ya fi kyau. In mai shago ta tambaye ka, "Ta mai ko ta dizal ko ta iska?" ka ce, "Hajiya, ba ni waccan mai ja kawai, na san abin da nake yi." Haka ya ce min, wallahi, ni kuwa na miƙa masa.

Kar ka kuskura ka ɗaura filtar nan. Filtar da aka ɗaura ta tafi ke nan, ba mai sake ganinta. Wadda ke cikin kwali kuwa kowane mako za ta fito ta zauna a kan tubali kusa da taya, tana shaida wa masu wucewa cewa mai gidan nan ba ya wasa da mota. Haɗa da sufana babba, tsohon baho na tarar mai, da tsumma. Bahon ka are shi a wajen maƙwabciya. Mayarwa ba dole ba ne, nawa har yau yana can.

Mataki na 3: Kwanciya

A nan ake gane gwani. Juya motar yadda hancinta zai kasance a inuwa, shimfiɗa kwali biyu, ka tura ƙaramin matashi can ciki inda ba a hangowa daga taga. Shige da ka, ka bar ƙafafu a waje. Ƙafafun nan su ne wakilanka a gidan, su za a riƙa gani a ce maigida na aiki, saboda haka ka riƙa motsa su lokaci zuwa lokaci.

Sufana ta kasance a hannun hagu, waya a dama. In ka ji takun mutum, ƙwanƙwasa ƙarfen da ya fi kusa da kai, ka yi tsaki mai tsawo. In ka ji barci zai ɗauke ka, ɗora tsumma a baki. Minshari shi ne ya tona asirin yawancin masu wannan sana'a.

Mataki na 4: Haddace abin da ya kamata a yi

Ba wai don ka yi ba, a'a, Allah ya sawwaƙe. Don ka iya faɗa ne in an tambaye ka.

Mota irin wannan ana yi mata juye a kan kari, a zubar da tsohon baƙin mai tun injin na da ɗumi, a canza filtarsa tare da shi. Filtar dizal kuwa ita ce ke tare dattin da ke cikin man, ruwa kuma yana taruwa a gindinta, akwai ɗan marfi a ƙasa da ake murɗawa ya tsiyaye. In an canza ta sai an danna ɗan famfon da ke samanta an kori iska, in ba haka ba mota ba za ta tashi ba. Filtar iska ana kakkaɓe ta, in ta toshe a sauya. A leƙa ruwan lagireto injin na sanyi, a duba man birki da na giya. Duk wannan bai kai aikin hantsi ɗaya ba, shi ya sa bai dace da kai ba. In ka gama da hantsi, da azahar kana kan hanyar gidan suruki.

Abin da za ka yi shi ne ka rarraba shi a baki. Wannan makon ka ce juye, na gaba ka ce ruwa ya shiga dizal, na gaba iska ta shiga layi. In ka ƙure, koma farko. Ba mai lura.

Mataki na 5: Ka fito da shaida

Wanda ya wuni a ƙarƙashin mota ya fito fes, maƙaryaci ne ko a idon yara. Kafin la'asar buɗe bonet, zaro sandar gwada mai, ka shafa a tafin hannu, a goshi, da ɗan kaɗan a gefen hanci. Man da bai taɓa ganin juye ba ya fi kowanne kama jiki, ka ga wani amfanin barinsa ke nan.

Shiga gida kana dafe da ƙugu. Za ta kawo ruwan wanka da sabulu, ta ce, "Sannu, Injiniya. An gama?"

Ka ce, "Saura kaɗan. Asabar mai zuwa in Allah ya yarda muna hanya."

Ka faɗe shi kana kallon idonta. Shi ya fi kwantar da hankali.

Mataki na 6: Toshe sauran ƙofofi

Wata rana za ta gaji. Za ta ce bari ta ɗauki hayar wata motar ta kai gadon, ko ta bi motar haya ita kaɗai ta gano Baba. Nan sai ka nuna ɓacin rai na gaske.

"Haba! Muna da a-kori-kura a ƙofar gida ki je ki ɗauki haya? So kike danginku su ce ban iya komai ba? Ni zan kai ki da kaina, in ɗaura wa Baba gadon nan da hannuna."

Akwai kuma maƙwabta masu shisshigi, irina. Ni dai ban iya gani in yi shiru ba. Ta zo shago wata rana muna hira, na ce mata, "Ƙanwata, mijin nan naki tun da ya sayi motar nan filta ɗaya ya taɓa saya, kuma ga ta can a kwali. Ki hau mota ki je ki ga mahaifinki, ki bar zancen gado."

Ta yi dariya ta ce, "Kai, Yaya! Ke dai ciniki kike nema. Ai ina ganin yadda yake fitowa, duk jikinsa mai."

Ka ji ko? In ka yi mataki na biyar da kyau, matarka ce da kanta za ta tsare maka ƙofa. Na ji haushi ranar har na kasa cin abinci, amma gaskiya aikin ya yi kyau.

Mataki na 7: In motar ta fara ƙorafi

Za ta fara. Wata 'yar fitila za ta kunna a bayan sitiyari tana ce maka ruwa ya cika gindin filta. Salansa za ta fara feso baƙin hayaƙi. In ka taka za ta yi jim kafin ta amsa. Yi kunnen uwar shegu. Daga gida zuwa ofis ba nisa, ba hawa, ba kaya, za ta lallaɓa ta kai ka. In mai ya ragu, ɗura mata kaɗan daga galan ɗin nan a kan tsohon. Sabo da tsoho su sasanta kansu a ciki, ba ruwanka.

Mataki na 8: Ranar da waya ta buga

Ba Asabar ba ce, kuma ba za a yi shawara da kai ba. Da safe ne, ƙanin matar Injiniya ya kira ya ce jikin Baba ya tsananta, yana ta kiran sunanta. A wannan ranar, in kai ɗan halak ne, zuciyarka za ta karye. Ta Injiniya ta karye, na gani da idona. Shi ya kinkimi gadon nan ya ɗora a baya, ya ɗaure da igiya. Ta kawo min yara, ta shiga gaba, suka tafi.

Abin da ba a gaya maka ba shi ne, filtar da ta toshe tana iya ciyar da inji a cikin gari, amma a babbar hanya, da gudu da kaya, ba ta iyawa. Suna cikin hawa wani tudu, inda ba gida gaba ba gida baya, motar ta yi tari, ta ja, ta yi tari, ta mutu murus.

A nan ake so ka natsu, domin matarka ba za ta tsorata ba. Don me za ta tsorata? Tana tare da Injiniya. Za ta ce, "Yi sauri ka duba, ai ka san ta ciki da waje." Buɗe bonet, ka juya mata baya, ka kira mai shago a hankali.

"Hajiya, don Allah, wacce ce filtar dizal ɗin?"

"Kana nufin a ina take?"

"Ina da sabuwa a hannuna, mai jan kwalin nan."

"Wannan ta baƙin mai ce, bawan Allah. Kuma ta ƙaramar mota ce, ba ta ma shiga taka."

Haka muka yi da Injiniya. Ta cikin wayar ina jin manyan motoci na wucewa, ina jin muryarta daga baya tana cewa, "Baban yara, ya ake ciki? In riƙe maka sufanar?"

Na tura masa bakanike da filtar da ta dace, amma wurin da nisa. Ita ta tsaya a bakin titi tana ɗaga wa motoci hannu cikin rana, har wata bas ta tausaya ta tsaya. Ta isa garinsu da yamma. Baba ya cika tun azahar.

Mataki na 9: Karɓi sakamakonka

Ka ɗauka za ta yi maka faɗa? Ina! Ba ka san aikin da ka yi ba ke nan. A gaban 'yan'uwanta, masu harara na harararsa, cewa ta yi kar wanda ya ga laifin mijinta, ba mai kula da mota kamarsa, ƙaddara ce kawai. Shi yana zaune a gefe ya sunkuyar da kai, ana yi masa sannu da ƙoƙari.

Da suka dawo gida, Juma'ar farko, ya shigo da motar ya kashe ta nan take. Ina tsaye a ƙofarsu na kawo mata yaran da suka wuni a wajena. Ya buɗe baki zai yi magana, wataƙila gaskiya zai faɗa, Allah ne masani. Ta riga shi.

"Baban yara, gobe ka yi barcinka a ɗaki. Ka sha wahalar motar nan saboda ni, na gode. Yanzu ba inda zan ce ka kai ni."

Ta faɗa ne tsakaninta da Allah, ba gatse ba habaici. Ni na so a ce gatse ne, da ya fi sauƙin ji. Na juya na koma shago ina share ido da gefen mayafi.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya bi da ƙafarsa. Ba ruwana da injin da ya buga, ba ruwana da kuɗin janwe, ba ruwana da abin da zai hana ka barci duk da an ba ka izinin yi. Kar ka zo shagona ka zauna min a benci kana kallon ƙasa kana kore min masu saye, Injiniya da ke yi min haka ya ishe ni. Kaya nake sayarwa, kuma na sayar masa: baƙin mai, filtoci uku, man birki, har da na giya. Ya sa an koya masa, ya kwance da hannunsa ya ɗaura, bai kai azahar ba ya gama. Motar yanzu murɗa ɗaya take tashi, ba hayaƙi ba tari. Kowace Asabar yakan tashe ta ta yi ɗumi a ƙofar gida, sannan ya kashe.