Yadda Ake Ɗora wa Kwamfuta Laifi Har Kwana Shida

Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mai gane cewa ba ka san aikinka ba. Ni a aji uku na bar sakandare, a waya na koyi rubuta manhaja, kuma da dabarun nan na zauna daram a ofishin wata ƙungiyar masunta a Kisumu, wani gari a bakin tafki, inda aka ɗauke ni gwajin sati guda.

1. Kada ka nemi dalili.
Manhajarka ta aika wa masunta saƙon yanayi tana kiran wani ƙunshi, wato guntun aikin da wasu suka rubuta kowa ke ara. Ka kunna ta daga wannan folda, ƙunshin ya amsa. Ka kunna daga waccan, ta ce fanko ne. Ƙyale ta. Bincike na masu takardar shaida ne.

2. Ka faɗi rabin gaskiya.
Shugabar ƙungiya, Mama Anyango, ita za ta ce a riƙe ka ko a sallame ka. Idan ta leƙo ta ce, "Ɗana, yau saƙon zai tafi kuwa?" ka haɗe rai ka ce, "Mama, a wajena ɗazu ma ya tafi."

3. Ka goge ƙunshin, ka sake sauke shi.
Sau tara. Ba ya gyara komai, amma rubutu zai riƙa gudu a allo, mutane kuwa suna ganin girman wannan.

4. Ka raba laifi da adalci.
Litinin intanet. Talata danshin tafki. Laraba ka ce kwamfutar ba ta son ƙarnin kifi.

5. Ka guji Nekesa.
Sakatariya ce, ta gama makaranta. A nan na yi sake. Ranar Asabar ta jawo kujera, tana cin chapati.

"Gwani, wannan fayil ɗin wa ya raɗa masa suna?"

"Ni mana."

"To sunan ƙunshin ka sa masa. Kwamfuta foldar da kake ciki take fara dubawa, in ta ga naka shi take ɗaukowa. Me ma ke ciki?"

Ta buɗe a gaban Mama. Layi ɗaya ne: gwaji ne, gobe zan goge.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, ba da yawuna ba. Mai ƙorafi ya same ni a bakin tafki. Mama ba ta kore ni ba, ta dai mayar da ni awo, ta ce sikelin kifi ba shi da folda.