Rasuwar Mai Tsaga, Wayar Rilwanu Mai Awon Hatsi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata kunya da ta fi baƙin cikin nauyi, Rilwanu Magaji, mai awon hatsi a kasuwar Kaura Namoda, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Kaura da Shinkafi da Zurmi rasuwar wayarsa, wadda aka fi sani da Mai Tsaga saboda tsagewar da ta ratsa gilashinta tun daga goshi har haɓa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tafin hannunsa na dama, tsakanin buhunan gero, bayan jinyar kwana goma sha biyar. Ta rasu tana da shekara shida, wanda a wajen waya tsufa ne tukuf.

Marigayiya ta yi rayuwar haƙuri. Ta taɓa faɗowa daga kan babur a hanyar Kurya Madaro, mota ta bi ta gefenta, aka tsince ta tana ci gaba da karatun da aka kunna mata. Ta taɓa kwana biyu a cikin buhun dawa, aka sayar da ita tare da dawar, mai saye ya dawo da ita don ta ƙi yin shiru. A watannin da aka yanke sabis a jihar nan, lokacin da manyan wayoyi suka zama kayan ado, ita ta koma fitila da agogo, ba ta taɓa nuna ta fi ƙarfin aikin ba. Aibinta ɗaya ne, kuma ba a ɓoye shi ko a wajen makoki: idan aiki ya yi mata yawa sai ta sandare, ta tsaya cak tana kallon mutum, har sai ta ga dama.

Babban aikin da za a tuna ta da shi shi ne na bayan La'asar. Su huɗu ne suka yi makaranta tare a Kaura: Rilwanu, da Fahad da ke Shinkafi, da Zaharaddeen tela da ke Zurmi, da Namadi, manomi, wanda ya koma wani ƙauye a bayan Gurbin Bore don ya riƙe gonar mahaifinsa. A da, babur ɗaya ya ishe su zumunci. Da hanyoyi suka zama abin da suka zama, mutum ya fara yin sallama da iyalinsa kafin ya je cin kasuwa, sai suka koma haɗuwa a cikin wani wasan yaƙi na waya da ake bugawa huɗu-huɗu. Duk wanda ya shigo, wani koren ɗigo yakan kama a gefen sunansa. Ba su taɓa zama sun yanke shawara a kai ba, amma kowa ya san amfanin ɗigon nan: wanda nasa ya kama, ya kwana lafiya, ya wuni lafiya. Idan na wani bai kama ba har aka kira Magariba, sauran ukun sukan bar wasa su shiga kiran duk wanda suka sani a garinsu.

Shekara uku Mai Tsaga tana ɗauke da ɗigon nan huɗu. Kowane ɗaya ya kama sai ta yi wani ɗan ƙara, ƙit, kamar an taɓa kofi da cokali. Rilwanu yakan ji na huɗun ya sauke numfashi, ko da kuwa tiya tana hannunsa.

Za a kuma tuna muryoyin da ta riƙa fitarwa ta bakinta mai kaushi. Akwai ta Fahad, shugaban ƙungiya, wanda bai iya magana a hankali ba: "Ku taho, ku taho! Wa ya tsaya can baya kamar an dasa shi?" Akwai ta Zaharaddeen, da ƙarar keken ɗinki a bayanta. Sannan akwai ta Namadi, mai zuwa guntu-guntu tare da iska da kukan awaki, domin a ƙauyensu sabis ba ya sauka ƙasa, sai ya hau kan wata tsamiya yake samu: "Rilwanu, tsohuwar taka ta sandare ko? Tsaya nan inda kake, ga ni nan tahe, in tashe ka." A cikin wasan, idan an harbe mutum ya faɗi, sai wani ya bar harbi ya zo ya ɗaga shi. Wannan aikin Namadi ya ɗaukar wa kansa, kuma kashi takwas cikin goma Rilwanu yake ɗagawa.

Game da ciwon ajali, mai sanarwa ya ga ya dace ya faɗe shi yadda yake, don kada a ɗora wa tsufa laifin da ba nasa ba.

A tsakiyar damina, lokacin da gero ya yi tsayin da zai ɓoye mutum da babur ɗinsa, aka sanar da wata gasa tsakanin ƙungiyoyin wasan. Fahad ya ƙwallafa rai. Ya samo wani Mujahid a Gusau mai sabuwar waya da saurin yatsa, ya ce dole ɗaya daga cikin huɗun ya ba shi wuri. Bai kama suna ba. Ba ya ma bukatar kamawa, don duk wanda ya taɓa ganin Mai Tsaga ta sandare a tsakiyar yaƙi ya san inda maganar ta dosa. Rilwanu ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin na wanda za a fitar daga ɗakin da ya rage masa.

Akwai wata manhaja da 'yan wasan ke kira Sikeli. Ba masu wasan, wato waɗanda suka ƙirƙiro shi, suka yi ta ba, ana ɗaura ta ne daga gefe, ita kuma ta riƙa ƙirga harbin kowa da kisan kowa, ta jera sunaye daga sama zuwa ƙasa. Masu wasan, mutanen da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu, sun rubuta doka a kanta: wanda ya auna kansa shi kaɗai ya yi shiru, ba su cika bin sa ba; amma wanda ya baza lambobin awon wani don a kunyata shi ko a kore shi daga ƙungiya, za a rufe masa akawun. Marigayiya ta nuna wa Rilwanu wannan doka tun ranar farko, rubutu ɓaro-ɓaro. Ya ja ta sama da babban yatsa, ya danna amincewa, bai karanta ko layi ɗaya ba.

Shi da hannunsa ya ɗura mata Sikeli. Tun a ranar ta fara zazzaɓi. Bayanta ya yi zafin da ba a iya sa ta a aljihu, cajin da ke kai ta Isha'i ya koma ƙarewa kafin Azahar, amma ta daure ta yi awon kwana bakwai cur. A rana ta bakwai jerin ya fito. Fahad na sama, Zaharaddeen na biye, Rilwanu na uku. A can ƙasa, da 'yar tazara kaɗan, sunan Namadi.

Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana awo ya san tiya ba ta faɗin komai sai abin da aka zuba mata. Rilwanu ya san Sikeli harbi take ƙirgawa, ba ta ƙirga ɗaga wanda ya faɗi. Ya san hannu ɗaya Namadi ke wasa da shi, ɗayan yana riƙe da reshe, ido ɗaya kuma yana kan hanyar da ta fito daga daji. Ya san duka wannan, ya ɗauki hoton jerin, ya tura a zauren hirarsu na waya, na su huɗu, ya rubuta a ƙasa cewa shi dai ba ya son a zalunci kowa. Marigayiya ta sandare sau biyu kafin hoton ya tafi. Sau biyun yana sake dannawa.

Kafin Magariba Fahad ya cire Namadi ya sa Mujahid. Namadi bai yi musu ba, ya fita daga zauren da kansa. Washegari bayan La'asar Mai Tsaga ta yi ƙit sau huɗu kamar kullum, sai dai na huɗun daga Gusau ya zo, daga ɗakin da ke da fanka. Daga bayan Gurbin Bore kuwa babu ɗigon da zai kama ko ya ƙi kamawa, don haka babu wanda ya ga dalilin kiran kowa.

Kwana biyu da korar, hukunci ya iso. Wani ya kai ƙara, har yau ba a san ko wane ne ba, masu wasan suka rufe akawun ɗin Rilwanu da saƙo mai layi uku, babu gaisuwa. Wurin da ya sayar da abokinsa don ya riƙe, kwana biyu ya zauna a cikinsa. Ciwon marigayiya ya tsananta. Batirinta ya kumbura har murfin baya ya ɗaga, ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa ba tare da an taɓa ta ba, Sikeli kuma tana nan a cikinta tana cin ta, ta ƙi gogewa.

A rana ta uku saƙon murya ya shigo daga Namadi, mai tsawon daƙiƙa arba'in da bakwai. Rilwanu ya ga sunan, ya kife wayar a kan buhu. Ya ɗauka zagi ne, ko kuma abin da ya fi zagi ciwo, wato yafiya. Ya ce sai gobe. Goben ta zo ya ce sai ya shirya abin da zai mayar. Kwana biyar saƙon yana zaune a cikinta ba a buɗe ba, shi kuma yana awo yana zubar da hatsi a ƙasa kamar sabon shiga.

Ranar Talata da hantsi wasu masu babur da suka fito daga wajen Zurmi suka tsaya a rumfarsa. Suna magana ƙasa-ƙasa. Wani ya ce an ga babura da yawa sun ratsa ta bayan Gurbin Bore tun kwana huɗu ko biyar da suka wuce. Wani ya ce mutanen ƙauyukan sun watse tun kafin a iso. Na ukun ya ce shi bai ji komai ba, kuma ba ya son a ce daga bakinsa aka ji. Rilwanu ya ajiye tiya, ya zaro Mai Tsaga tana zafi kamar an ciro ta daga murhu, ya danna saƙon.

Ga kalamanta na ƙarshe, yadda ta fitar da su, babu kukan awaki a bayansu, sai numfashin mutum mai sauri:

"Rilwanu, ni na, Namadi. Ba zancen wasa na ba, wallahi na manta da wanga. Ka saurara da kyau, in ka ji saƙon ga ka je ka hwaɗa ma..."

A nan gilashinta ya yi fari, sannan ya yi baƙi. An sa mata caji, an cire batir an mayar, an ajiye ta a inuwa ta huce, ba ta sake motsi ba. Daƙiƙa bakwai ta bayar, ta tafi da arba'in. An sa layinta a wata wayar, saƙon bai biyo shi ba, domin a cikinta ya sauka, a cikinta kuma ya zauna. An kira lambar Namadi daga wayoyi goma sha ɗaya, amsa ɗaya ake samu, cewa ba a iya samunsa a yanzu. Yau kwana huɗu ke nan.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin leda a wuya, da layi biyu, da rigar roba da ta yi mata yawa tun asali, da abin sawa a kunne mai ji da gefe guda. Ta bar Fahad, wanda ya janye daga gasar bai gaya wa kowa dalili ba, da Zaharaddeen, wanda ya rufe shago yana bin tashar Zurmi yana tambayar duk wanda ya sauko. Ta bar mai ita, wanda ba ya neman a ce masa ƙaddara ce, don ya san yatsan da ya danna.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa gawar tana rumfar Kamilu mai gyaran waya, kusa da tashar mota ta Kaura, a nannaɗe cikin farin ƙyalle. Kamilu zai buɗe cikinta ranar Litinin da safe. Ya ce zafin ya taɓa inda take ajiya, bai yi alkawarin komai ba, ya kuma roƙi kada a tsaya masa a kai. Ba za a binne ta ba sai an ciro daƙiƙa arba'in ɗin nan, ko kuma mai su ya zo ya faɗe su da bakinsa.

Za a riƙa karɓar gaisuwa kullum bayan La'asar a bencin da ke bakin tashar, inda motocin Zurmi ke sauke fasinja. A nan za a sami Rilwanu har a kira Magariba. Ba a bukatar abinci, ba a bukatar a kawo masa aron waya. Ana dai roƙon duk wanda ya fito daga wajen Gurbin Bore, direba ne ko ɗan kasuwa ko mai gudun hijira, ya ɗan tsaya a bencin. Ana cigiyar wani dogon mutum baƙi, mai wushirya, da tabon lauje a babban yatsansa na hagu, sunansa Namadi. Wanda ya gan shi ba sai ya yi ta'aziyyar waya ba. Ya faɗi ranar da ya gan shi kawai, da ko yana tafiya da ƙafarsa.