Ranar da Kwamfuta Ta Kumbura Mini Ɗa

Ba zan taɓa mantawa da makon da aka kai ɗana na fari yaye Bakori, wajen surukata Inna ba. A gabanta ko sunansa ba na kamawa, sai dai in ce "yaron nan", don kada a ce ba ni da kunya. Amma ni kaɗai na san halin da nake ciki.

Kwana biyar da tafiyarsa maigida ya je ya ɗauko hotunansa, ya zuba a kwamfutarsa ta cinya, ya ce in kalla, ya wuce gona. (Kwamfutar ba ta daɗe da dawowa daga wajen mai gyara ba, ni ban ma san me aka yi mata ba.) Ina dubawa na ga kan yaro ya baje kamar faifai, kumatu sun cika. Ni kuwa na taɓa jin malamar asibiti tana cewa kumburin fuska ba abin wasa ba ne. Mayafi kawai na zara, na rungumi kwamfutar, na tari mota.

Ko sallama ban ƙarasa ba na ce, "Inna, me kuke ba Sadiku? Ina Sadiku?" Sau biyu fa, a gaban maƙwabta suna ɓarar masara. Sai ga shi da gudu yana bin akuya, lafiyarsa ƙalau.

Inna ta karɓi kwamfutar ta ƙura ido. "'Yar nan, wace ce wannan ƙatuwar da ke riƙe da shi?"

Ita ce. Inna da ba ta fi kara kauri ba ta zama randa. Har butar da ke gefenta ta yi ƙiba. Matan nan suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ashe mai gyara ne bai mayar da manhajar da ke daidaita hoton allon ba, girma ɗaya tak ya rage, mai baje komai. Da na koma gida maigida ya saka ta, zaɓuɓɓuka suka fito a jere, ya danna wanda ya dace, kowa ya koma yadda Allah ya yi shi.

Amma kafin in bar Bakori Inna ta ja ni gefe. "Ni ma na bi uban nasa ranar yaye," in ji ta. "Sai dai ni ta bayan danga na leƙa."

Yanzu duk hoton da ya tayar mini da hankali, butar nake fara dubawa.