Inuwar Alhaji Yanayi

Idan ana lissafin ni'imomin da Allah ya yi wa Fagge bayan sojoji sun koma bariki, ba za a tsallake Alhaji Hamzat Wali ba. Ko an tsallake shi, da kansa zai tuna wa mai lissafin. Wasu unguwannin romon dimokuraɗiyyarsu rijiyar burtsatse ce, wasu kwalbati. Mu kuwa Allah ya fifita mu, ya ba mu mutum sukutum.

Lokacin rabon muƙamai, sai da aka gama da masu maiƙo kaf, sannan aka waiwaya aka ga Alhaji tsaye yana gyara hula. Nan take aka ƙirƙiro masa kujera, Shugaban Kwamitin Sanyaya Gari. Aikinsa ya yaƙi ɗumamar yanayi tun daga Fagge har Sabon Gari. Kada wani ya ce bai cancanta ba. Mutum ne da ya je taro ƙasar Turawa, ya ga dusar ƙanƙara da idonsa. Mahassada suna cewa a ɗakin otal ya ƙare taron, ƙudundune cikin bargo, amma su mahassada ba su da katin taro mai igiya, shi kuwa yana da shi. Da shi a wuya yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake zuwa ta'aziyya.

Ka ce masa, "Alhaji, ya gida?" sai ya girgiza kai ya ce, "Gida lafiya, yanayi ne ba lafiya." Da haka ya samu sunan Alhaji Yanayi, kuma ya ɗauka sarauta ce.

Ya fara da sufuri. Ya ce hayaƙin mota ne ke kashe duniya, kowa ya koma keke, kuma shi zai fara. Ya hau keke a ƙofar gidansa ya nufi Titin Ibrahim Taiwo. Jif ɗinsa na biye da shi a hankali, na'urar sanyi a kunne don kada ciki ya ɗau zafi kafin ya gaji. Bayan jif ga bas biyu na magoya baya, ga 'yan acaɓa suna murɗa totur don girmamawa. Rabon titin da hayaƙi irin na ranar an daɗe. Tafiyar ta ƙare ne inda sarƙar keken ta cafke gefen babbar rigarsa.

Sai ya juya kan gidaje. Ya shiga rediyo ya yi wa talakawa faɗa, ya ce su riƙa gina gida mai numfashi. Nasa gidan gilashi ne daga sama har ƙasa, babu tagar da ake buɗewa, ga janareto kamar shago yana hura hayaƙi cikin tsakar gidan maƙwabta. Da aka yi masa maganar, ya ce dole jagora ya zauna kusa da abokin gaba don ya san makircinsa.

Duk wannan sharar fage ce. Babban aikin shi ne rumfar jiran mota mai aiki da hasken rana, da fankoki a ciki, irin wadda ya ce ya hango ta tagar otal. Ya zaga ya zaga, bai ga inda ya dace da ita ba sai bakin hanyar da ta raba Fagge da Sabon Gari, daidai inda wata tsohuwar darbejiya take.

A gindin darbejiyar nan Madam Felicia take sayar da abinci. Mahaifinta Cyprian, ma'aikacin reluwe, shi ya dasa ta tun Felicia ba ta fara tafiya ba. A inuwarta take tuƙa teba, ta dafa shinkafa da miyar agushi, kuma da wannan tukunyar take riƙe da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Direbobin bas, 'yan dako daga Kasuwar Sabon Gari, teloli daga Fagge, duk nan suke sauke gajiya. Wasu su ci abinci, wasu su shimfiɗa tabarma su yi azahar. Ba don miyarta ta fi ta kowa ba, ita ma ta sani. Inuwar ce ke kawo mata mutane.

Da ta ji labari, ta ɗaura ɗankwali ta sami Alhaji a wurin yana nuna wa ma'aikata da sanda. Ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ka matsa da rumfar can gaba kaɗan mana. Bishiyar nan ita ce shagona. In ta tafi, na tafi."

Alhaji ya dube ta da tausayin mai ilimi. Ya gyara katin wuyansa.

"Madam, ba laifinki ba ne, ba ki je taro ba. Farantin sola da rana yake aiki. Wannan bishiyar me take yi? Tare rana take yi. Wato ita ce babbar maƙiyiyar makamashi mai tsafta a wannan yanki. Inuwarta inuwar gargajiya ce, ba tsari, ba kwamiti. Mu inuwar zamani za mu kawo muku."

Aka kawo injin yanka. Abin da ya shekara fiye da arba'in yana girma bai kai la'asar a tsaye ba. Felicia ba ta yi kururuwa ba, ta dai zauna kan bencinta tana kallo, hannu a haɓa. Ni kaina da nake ba da labarin nan da dariya, ranar ban yi dariya ba, abin ya ci mini rai. Itacen kuwa bai salwanta ba, an kai gidan Alhaji don a adana shi daga masu girki da icce, maƙiya muhalli.

Rumfa ta tashi, tubarkalla. Rufinta gilashi garau, bangonta gilashi, daidai yadda Turawa suke yi a ƙasar da ake neman rana ido rufe. A gefenta aka kafa allo wanda ya fi rumfar girma, da hoton Alhaji yana nuna sama da yatsa. Farantan sola sun kwana ɗaya a kan rufin. Washegari Alhaji ya tuna da ɓarayi, ya sa aka mayar da su kan rufin gidansa don tsaro.

Masu cin abinci suka watse, don ba mai zama cin teba mai zafi a tsakiyar rana. Felicia ta ja tukwanenta da benci ɗaya ta raɓe a bayan allon, tana matsawa duk inda 'yar inuwarsa ta matsa.

Aka sa ranar ƙaddamarwa a tsakiyar bazara. Da safe aka aika a sauko da farantan, Hajiya Muhibba, uwargidan Alhaji, ta ce ba a isa ba. Da su firizarta take haɗa ƙanƙarar sayarwa, kuma ga zoɓo ta riga ta ƙulla. Alhaji, wanda yake shirin tanƙwara yanayin duniya, bai iya tanƙwara Hajiya ba. Sai aka ɗauko ƙaramin janareto aka ɓoye bayan rumfa. Mai haɗa waya ya zo ya raɗa masa cewa injin ba zai ɗauki fankoki da lasifika tare ba, sai dai a zaɓi ɗaya.

Alhaji bai ko yi dogon tunani ba. Ya zaɓi lasifika.

Ya shigo cikin rumfar da shadda mai sitaci, riga kan riga, ga babbar riga mai aiki har gwiwa. Babban baƙon da aka gayyato, kamar kowane babban baƙo, bai iso ba, kuma ba a yanka zare sai da shi. Don kada jama'a su gaji da jira, Alhaji ya taimaka musu da jawabi. Rana ta take, gilashi ya tattara ta ya juye masa a ka.

"Jama'ar Fagge da Sabon Gari! Daga yau zafi ya zama tarihi! Jikokinku za su tambaye ku, wai mene ne gumi?"

Yana faɗa gumin yana ɗiga daga haɓarsa kan katin taro. Ya yi bayanin ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya. Ya yi bayanin kansa, wanda ya fi tsawo. Yana cikin alƙawarin kafa irin rumfar a kowace mahaɗa, sai murya ta shaƙe, idanu suka juye, Shugaban Kwamitin Sanyaya Gari ya yanke jiki ya faɗi.

"A kai shi inuwa! A kai shi inuwa!"

Direbobi suka ciccibe shi, ƙafafunsu suka kai su inda suka saba kai duk wanda rana ta buga. Suka tsaya cirko-cirko a kan kututturen darbejiyar.

"Ku kawo shi nan," in ji Felicia daga bayan allo.

Ta janye tukunyar miya, aka shimfiɗe shi a 'yar inuwar, ƙafafunsa a rana don inuwar ba ta isa ba. Ta cire masa hula, ta yayyafa masa ruwan wanke kwanuka, tana yi masa fifita da murfin tukunya. Can ya buɗe ido, ya ji iska-iska a fuska, ya yi murmushin nasara.

"Kun gani ko? Sanyi ya fara sauka. Shirin ya fara aiki."

Aka sa shi a jif aka tafi da shi. Babban baƙo bai zo ba har yau.

Rumfar tana nan. Mutum ba ya shiga, amma matan unguwa sun gano tana busar da kuɓewa da tattasai cikin yini guda. Felicia ma tana nan bayan allo da bencinta ɗaya, mai cin mutum biyu in sun matsu. Rannan wani tsohon direba yana cin shinkafa rabin jikinsa a rana, ya tambaye ta ko har yanzu tana jin haushin Alhaji.

Ta ɗaga kai ta dubi bayan allon.

"Wanne daga ciki? Wannan na allon ai mutumin kirki ne. Yana ba da inuwa, kuma ba ya jawabi."