Ranar da Na Jefa Muryar Malam a Shara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na jefa muryar mijina a shara da hannuna ba, a gaban matan kasuwar Gaya, ina murmushi kamar wadda ta ci gasa. Amma kafin in kai ku can, akwai tambayar da har yau ban samu amsarta ba. Me ya sa Malam ya aiko mini da saƙon murya a safiyar ranar da zai rasu? Bai taɓa yi ba. In yana da magana kira yake yi, ya yi ta ɗaga murya kamar ina Doso, ya kashe ba sallama. Ran nan kuwa gada kawai ya ƙetare zuwa Malanbil don ya ga an sauke albasarsa, da yamma zai dawo. Ya yi sallar azahar, ya jingina da bangon masallaci, shi ke nan. Gawarsa aka ƙetaro mini da ita. Ya ji a jikinsa ne? Na tambayi liman, ya ce Allah ne masani. Ni ma na san haka, amma tambayar ba ta bar ni ba.

(Rakiya, dakata in share fuska. To, ci gaba.)

Rakiya jikata ce, ita ke rubuta wannan, don ni ban taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba. A Yamai take aiki, a wani ɗan kamfani da ke ƙera abin da suke kira aplikasiyo, wato ƴan ɗakunan nan da ke cikin waya, waɗanda in ka taɓa sai su buɗe. Da ta zo hutu na ce ta faɗa mini aikinta da Hausa, don in an tambaye ni a kasuwa in san abin faɗa. Ta ce, “Kaka, in aka ƙera buta, kowa ya ɗauka sai ruwa ya zube masa a riga, laifin wa?” Na ce na maƙeri mana. Ta ce to ita aikinta ta zauna ta kalli yadda mutane ke riƙe butar, ta gano inda take zuba, kafin a ƙera da yawa. Ita ke tsara inda kowane abu zai zauna. Akwai kuma wani abokin aikinta Isufu, shi debelofar ne, shi ke ginawa. Mu da za mu yi amfani da abin kuwa sunanmu itilizatar. Na ji daɗin sunan nan. Da tsufana, bayan mai kifin banda da matar Malam, ban zaci zan ƙara samun wani suna ba.

Abin da suke ƙerawa don irinmu ne marasa karatu. Duk cinikinmu yanzu da saƙon murya muke yi. Masunta daga Tunuga su aiko, masu saye daga Kamba su aiko, har waya ta cika ta ƙi motsi, kuma ba ka san wanda za ka share ba. Nasu zai nuna maka hoton wanda ya aiko, ka ajiye mai amfani, ka share sauran.

Zuwansu na farko takardu suka kawo, an zana fuskar waya a kai, suka ce sunanta maket. Wai in danna takarda da yatsa, Rakiya ta ɗauke ta sa wata. Na danna don kar in kunyata jikata, amma a raina na ce wannan karatu na Yamai ya fara taɓa yarinyar nan. Ta ce kamar tela ne, yakan fara yanka a takardar siminti kafin ya sa almakashi a shadda. Wannan na gane.

Zuwa na biyu shi ne na gaske. Sun ce za a yi gwaji a gidan ƙungiyar mata, kowa da wayarta. Rakiya ta faɗa mini, ta sake faɗa mini, “Kaka, ba ke ake jarrabawa ba, abinmu ake jarrabawa.” Na ce to. Amma ni dai na ji an ce gwaji, kuma na ji Hajiya Gambi za ta je. Gambi maƙwabciyata ce a rumfa, tare muka tsufa muna gardama. Ta yi aji biyu ko uku tun zamanin da, kuma har yau in ta ga rubutu a jikin mota sai ta karanta da ƙarfi don mu ji. Na ƙudurta ba za ta fi ni ba a gaban jikata. Na yi wanka, na sa turare, na ɗaura shuɗiyar atamfata da ba na fitarwa sai da dalili.

Rakiya ta so a shiga ɗaya bayan ɗaya. (Ta daɗe a Yamai, ta manta matan Gaya.) Wa zai zauna a waje ana abu a ciki? Muka cika ɗakin har bakin ƙofa. Isufu ya bi mu ya karɓi wayoyi, ya jona su da na'urarsa ɗaya ɗaya, ya mayar mana. Yaro ne mai kunya, Bazabarme, yana ta “fofo, Inna, fofo.” Sun haska fuskar waya a bango, ƙatuwa, sun kuma jona da bafil, wato lasifika, don a ji sauti.

Gambi ta fara. Ta yi ta lalube, ta danna nan ta danna can, har ta ce gilashinta ne bai da kyau. Na yi tari mai ma'ana. Da aka kira ni, na tashi a hankali, na gyara mayafi.

Rakiya ta ce, “Kaka, ga saƙonni nan. Ki zaɓi ɗaya, ki sa shi inda ba zai ɓata ba. Ni ba zan ce komai ba, kallo kawai zan yi.” Dokar aikinsu ke nan, mai kallo ba ya taimako.

Sun zuba saƙonnin wasa da muryar Isufu yana tambayar kuɗin kifi, don a gwada da su. Amma ni an ce abin da ba a so ya ɓata. Me nake da shi a duniya da ya wuce saƙon Malam? Ga hotonsa nan da hularsa a karkace. Na taɓa shi. Sai ƴan zane biyu suka fito a ƙasa, ikon suke ce musu. Ɗaya tauraro ne. Ɗayan wani ɗan kwano ne dogo, da murfinsa, da zane-zane a jiki.

Ku faɗa mini don Allah. Tauraro me ya haɗa shi da ajiya? Abin da ke sama, gari na wayewa ya ɓace. Kwano mai murfi kuwa, ai irinsa ke ƙarƙashin gadona, ciki akwai ƴan kunnena na aure da turaren wuta. Duk macen da ke ɗakin nan tana da irinsa. Na ga Rakiya ta buɗe baki, amma yatsana ya riga ta, na danna kwanon. Wayar ta yi wani ɗan huci, hoton Malam ya ɓace daga bango.

Na juya na dubi mata, na dubi Gambi musamman, na ce, “Kun gani? Haka ake yi. Ba sai da gilashi ba.”

Gambi ta ce, “To Malam ɗin ina ya shiga?”

Na ce, “Yana cikin kwano.”

Rakiya ta ce a hankali, “Kaka... wannan kwandon shara ne.”

Na ce, “Shara? Wa ke yi wa shara murfi?” Mu a tsohuwar roba muke tarawa, a kai juji. Sai maganar ta iso zuciyata. Muryar nan ita kaɗai ta rage mini. Da ita nake karyawa kowace safiya. Rigunansa ƙamshinsa ya fita daga jikinsu tuni.

Ni da aka yi ta yabo lokacin takaba, ana cewa ku dubi haƙurin matar nan, sai ga ni zaune daɓas a ƙasa, ɗankwali ya zame, furfura a waje, ina kururuwa. Na kama ƙafar wandon Isufu na riƙe gam. “Ɗan nan, ina kuke zubar da sharar? Ka kai ni jujin in tona da hannuna! Ko Yamai ne ka kai ni!” Bawan Allah yana riƙe da wando da hannu ɗaya kar ya sauka, yana cewa, “Inna, sake ni in duba, Inna, don Allah.” Wasu mata na salati, wasu na leƙe ta taga daga waje. Gambi ce ta ɗaura mini ɗankwali, wannan ba zan hana ta ba.

Rakiya ta durƙusa a gabana tana hawaye. Ta ce wa Isufu ko bog ne, wato ɓarakar da ke shiga gini ba da niyya ba. Ya ce a'a, abin ya yi daidai abin da aka ce ya yi. Ta ce, “To nawa ne. Ni na zana kwanon nan, kuma ban sa abin ya tambaya ba kafin ya share. Kaka, butar ce ke zuba, ba hannunki ba.”

Na ce, “Ni ba buta nake nema ba, mijina nake nema.”

Da na saki wandon, Isufu ya ce in kwantar da hankali. Ashe karɓar wayoyin da ya yi da farko, kwafe komai ya yi ya ajiye gefe. Sofgad sunan abin. Ya ce ba ya taɓa wayar kowa sai ya yi haka, kamar manomin da ke ware iri a wani rumbu daban. Ya yi ta ƙwanƙwasa na'urarsa. Sai ga hula a karkace ta dawo bango.

Nan fa na yi abin kunya na biyu, wanda ya fi na farko. Ban yarda da hoto ba, sai na ji. Na fizge wayar na danna. Na manta, shi ma Isufu ya manta, cewa tana jone da bafil.

Muryar Malam ta cika ɗaki har titi.

“Ƴar Bengu! Ƴar baƙata! Kin tashi ko har yanzu kina wannan minsharin naki mai korar ɓarayi? Ji nan, na bi layin masu atamfa na ga wata shuɗiya, sak irin wadda kika ɗaura ranar da na fara ganinki kina sayar da muruci. Na saya. Ke, har gobe in kina tafiya a gabana rage sauri nake yi don in ƙara kallo...”

Na finciko igiyar daga bafil.

Ku tuna wane ne Malam. Mutumin da a waje ba ya ko kallon inda nake, in zai kira ni sai ya ce “ke”. Ni kuma ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Ga shi yau matan kasuwa, da jikata, da ɗan mutane, sun ji ana ce wa tsohuwa mai haƙora a warwatse ƴar baƙata. Sun ji ina minshari. Sai na ga idanu na sauka a hankali kan zanina. A cikin jakarsa aka kawo mini shi, tare da carbinsa.

Na so ƙasa ta tsage. Sai Gambi ta dafe ƙirji ta ce, “Ke munafuka! Duk shekarun nan kina zaune kusa da ni da fuskar tausayi, ashe wannan ake yi miki a gida? Ni nawa tsohon in ya aiko murya, ‘ina makullin shago’ ne kawai!” Ta rangaɗa guɗa. Ɗaki ya kama. Ina kuka, ina dariya, ina rufe fuska da mayafi. Har yau a kasuwa Ƴar Bengu suke kirana, da sunan garinmu, kuma in na wuce sai wata ta ce a rage sauri. Na daina jin haushi. Nakan ƙara rangwaɗa ma.

Da hankali ya dawo, Rakiya ta tambayi mata ɗaya ɗaya, wannan zanen me ne ne? Kusan duk suka ce kwanon ajiya. Har Gambi mai aji uku, da aka matsa mata, ta ce ita ma can za ta sa, Allah ne ya sa gilashinta bai gani ba.

Bayan damina suka dawo da sabo. Tauraro ya tafi. Kwano mai murfi yana nan, amma yanzu shi ne wurin ajiya, kamar yadda Allah ya yi shi. Wurin sharewa tsintsiya ce. Kuma in ka taɓa tsintsiyar, ba ta shara sai wata murya ta tambaye ka, “Tsaya tukuna. Kin tabbata a share?” Kun san muryar wa? Ni suka sa na faɗa, Isufu ya ɗauka. (Ya zauna nesa da ni, ya naɗe ƙafafunsa.) Ran nan wata mai gishiri daga Junju ta tsaya a rumfata, ina magana ta zuba mini ido ta ce, “Inna, ba ke ce ke cikin wayata ba?” Na ce ni ce. Gambi ta yi kamar tana kora ƙuda.

Abin da na koya bai da yawa. In abu ya ba ka kunya a waya, kar ka yi saurin cewa kai ne jaki, wataƙila maƙerin ne bai taɓa leƙa ƙarƙashin gadonku ba. In kuma za ka saurari mijinki, ki fara duba ko igiya na jone.

Malam yanzu yana cikin kwano mai murfi, na gaske wannan karon. Matan nan ba su ji ƙarshen saƙon ba, don na cire igiya. Na daɗe ina ɓoye shi. Rakiya, rubuta shi yadda ya faɗa, kar ki gyara masa Hausa. Bayan maganar kallon, sai ya yi ɗan tari, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa, ya ce:

“To, shi ke nan, ba wata magana ba ce, so na yi kawai in gwada abin nan. Ki ajiye mini tuwona da zafi, Ƴar Bengu. Kar ki ci sai na zo.”