Yadda Za Ka Riƙe wa Surukarka Furen Wardi a Tsakiyar Bazara

Kai mai karatu, yau ka yi sa'a. Matakai bakwai ne a nan, in ka bi su sau da ƙafa na yi maka alkawarin wardinka zai yi fure a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka ƙasa da rana. Ba daga littafi na kwaso su ba. Malam Nababa na ƙauyenmu, can bayan Tofa, shi ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan tukwane shida, kuma duk garin shaida ne.

In ba ka san wardi ba, wata fulawa ce mai ƙaya da ƙamshi da mutanen birni ke shukawa a tukunya. Ba a ci, ba a sha, ba a sa ta a miya. Kallo kawai ake yi. Ka daure ka ci gaba da karatu, haka zamani ya zo mana.

Mataki na 1: Ka cika baki a gidan surukai

Ba a sayen wardi, da baki ake jawo shi. Ka jira ranar taro, ka kuma tabbata akwai shaidu.

Nababa ya samu tasa damar ranar sunan jikansa na fari a unguwar Bacirawa, can birni. 'Yarsa Ummukulthum ke auren Munir, direban babbar mota, suna zaune gida ɗaya da mahaifiyarsa Hajiya Sa'adiya, mace mai tsafta da kaifin ido, wadda tun daga bakin ƙofa take hango ƙura a kan talabijin. Da aka shigar da Nababa ya gaishe ta, sai ya tarar tana cikin damuwa. Za ta tafi Abuja wata biyu a duba mata gwiwa, Munir kullum yana hanya, mai jego kuma za ta bi iyayenta ƙauye wankan gida. Wa zai kula mata da tukwanen wardinta guda shida?

A nan mai hankali zai ce Allah ya kawo mafita, ya shanye kununsa ya fita. Kada ka zama mai hankali. Nababa ya gyara zaman hula ya ce, "Haba Hajiya, wannan har abin damuwa ne? Shekara arba'in ina noma. Ni ko tsinke na soka a ƙasa sai ya yi ganye. A sa min su a mota."

Hajiya ta dube shi, ta dubi tukwanen. "Malam, amana ce fa. Har waccan tsohuwar ta tukunyar ƙasa, wadda ba ta fure, don Allah kar a raina ta."

"Ki sa ranki a inuwa, Hajiya."

Ummukulthum ta sunkuyar da kai tana salati a zuci. Ta san mahaifinta, ta kuma san gidan da za ta dawo bayan wata biyu.

Mataki na 2: Ka ba shi taki kamar dawa

A ƙasarmu gona ba ta hutu. Daga iyakar wannan sai iyakar wancan, abin da kakanka ya noma shi kake nomawa, taki ne kaɗai ke riƙe da mu. Saboda haka duk abin da ka ga ya yi yaushi, daga dawa har jariri, ka ce taki ne bai ishe shi ba.

Nababa ya zagaya tukwanen yana girgiza kai. Ganyen ƙanana, jikin siriri, ga alamar wahala irin ta birni. Ya zaɓi manyan guda biyu don gwaji, ya kwaso ɗanyen kashin kaji daga akurki ya danna musu har wuya, ya bi da tafin hannu biyu na takin zamani da ya rage daga bara. Abin da ya sa dawa ta wuce tsawon mutum, in ji shi, fulawa ba za ta gagare shi ba.

Kwana uku suka ƙone ƙurmus, kamar an gifta musu da wuta. In hakan ta faru da kai, ka ce canjin iska ne. Nababa ma haka ya ce, matarsa Huseina kuwa ta ci gaba da tankaɗenta ba ta ɗaga kai ba.

Mataki na 3: Ka hana ruwa ɓarna

Ruwan bazara ba abin wasa ba ne. Rijiya ta yi nisa, an ƙara wa guga igiya sau biyu, duk bokitin da ka jawo sai ka ji shi a ƙugunka. To ka lura da kyau, za ka ga tukwanen roba na mutanen birni duk a huje suke ta ƙasa. Kana zubawa yana zurarewa.

Ranar da Nababa ya gano haka, tausayin Hajiya ya kama shi. Wato mace mai wayo irin wannan aka sayar wa fasassun tukwane! Ya sa wuƙa a wuta, ya yanko tsohon silifa, ya liƙe hujin tukwanen roba biyu tsaf, yadda ake liƙe bokiti. Daga nan ya riƙa ba su ruwa safe, rana da yamma, ko ɗigo ba ya fita.

Bayan mako ɗaya ganye ya koma rawaya, wani wari ya fara tashi, sauro suka tare. Huseina ta leƙa ta ce, "Malam, wai shinkafa Hajiyar ta ba ka ko fulawa?"

Kada ka kula irin wannan tambaya. Mata ba su san noma ba, sun dai san ƙidaya, kuma Huseina ta ƙidaya ta ga saura biyu.

Mataki na 4: Kada ka taɓa yarda cewa na kallo ne

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, don mutuncinka ne a ciki. Maƙwabcinka zai shigo. Dole ne ya shigo, tunda ya ga kana jan ruwa sau uku a rana kuma ba ka da albasa.

Na Nababa sunansa Mani. Ya tsaya a kan tukwane biyun da suka rage, hannu a baya.

"Nababa, ana cin wannan?"

"A'a."

"To mai ake matsa?"

"A'a."

"Ikon Allah. To me yake yi?"

Ka sa kanka a matsayin Nababa. Dattijo mai jika, mai furfura a gemu, ya buɗe baki ya ce yana jan ruwa daga rijiya mai gaba goma sha biyar don ya zauna ya kalli ganye? Kafin la'asar zancen ya kai kasuwar Bici. Sai ya rage murya ya ce, "Maganin basir ne. Daga Saudiyya aka kawo."

Abin da ya manta shi ne, a garinmu ba a hana mutum magani. Kana iya hana aron jaki, kana iya hana aron fartanya, amma wanda ya yi sallama ya ce ganye biyu yake so saboda lalura, ba ka da bakin cewa a'a. Kuma sai ranar Nababa ya san yawan masu basir a ƙauyen nan. Tsohuwar ta tukunyar ƙasa ƙaya ta yi mata yawa, aka ƙyale ta, aka far wa ɗayar. Aka tsinke ganye, aka kankare ɓawo, ranar Juma'a wani baƙo daga hayi ya ce shi an gaya masa ƙarfin a saiwa yake. Da saiwar ya tafi.

Mani ya dawo bayan kwana biyu ya yi godiya, ya ce wallahi ya ji sauƙi.

Mataki na 5: Ka manta wane lokaci ake ciki

Kowa ya sani, da damina ake ɗaure dabbobi. Da an kwashe amfanin gona sai a sake su, su yi ta yawo har ruwa ya sauka. A bazara babu ɗanyen ganye ko ɗaya daga nan har inda ido ya tsaya, sai wanda kai ka ajiye a tsakar gidanka kana yi masa wanka.

Huseina tana da wata jar akuya, mai ido kamar na tsohon dillali. Wata biyar tana cin busasshiyar harawa. Nababa ya tafi sallar azahar, ya dawo ya tarar da ita tana lasar baki. Tsohuwar wardi ta koma guntayen sanduna huɗu, kowanne bai wuce taƙi ɗaya ba.

Ya ɗauki taɓarya. Huseina ta ce, "Malam, akuyata ce fa. Kuma takinta kake kaiwa gona." Ya ajiye taɓaryar, ya zauna a kan turmi, bai ci abincin rana ba.

Huseina ta ja tukunyar ta kai bayan ɗaki, gindin darbejiya, inda take alwala, ta kife ta da wani tsohon kwando da ya yage. Ta ce don kar Malam ya riƙa gani ransa yana ɓaci.

Mataki na 6: Ka shirya ƙarya

Ƙarya mai kyau tana son lokaci, ka fara da wuri. Nababa ya yi tunanin ɓarayi, amma wane ɓarawo ne zai bar buhun gero ya ɗauki ƙaya? Ya yi tunanin ya shuka yakuwa a tukwanen, tunda ita ma jikinta ja ne, Hajiya kuma ta manyanta. Wannan dabarar har ya kai wa Ummukulthum ita, tana zaune tana shafa wa jariri mai.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, waccan tsohuwar da akuya ta ci, marigayi Alhaji, mijin Hajiya, shi ya shuka ta da hannunsa. Ko ni Hajiya ba ta bari in taɓa ta. Kai yini ɗaya za ka ji kunya ka dawo gida. Ni ce zan zauna da ita, kullum ta dube ni ta tuna."

Ta goge ido da gefen zani, ta ci gaba da shafa man.

A nan wasa ya ƙare wa Nababa. Bai taɓa jin nauyin bakinsa irin na ranar ba. Yarinyar nan shekara biyu tana lallaɓa zamanta a gidan mutane, ba a taɓa kawo ƙararta ba, shi kuma ya zo da hularsa ya rushe mata a zama ɗaya saboda a ce ya iya noma. Ya daina zuwa majalisa. Makonni suka shuɗe, ko kallon bayan ɗaki ba ya yi.

Mataki na 7: In hanya ta ƙare, ka gwada gaskiya

Ban cika ba da wannan shawarar ba, amma wani lokaci babu yadda za a yi.

Hajiya Sa'adiya ta iso da hantsi a motar Munir, da sabuwar sanda a hannu, ta zo ɗaukar surukarta da jikanta da kayanta. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Nababa ya jera tukwane biyar wayam a gabanta, ya durƙusa, ya faɗi komai: taki, silifa, basir. Bai rage ko ɗaya ba, sai zancen akuya. Ya ce, "Hajiya, laifina ne ni kaɗai. Yarinyar nan ba ruwanta."

Hajiya ta bi tukwanen da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ummukulthum ta ƙanƙame jaririnta a bakin ƙofa.

"Waɗannan a bakin titi na saya," in ji Hajiya a hankali. "Ina ta shidan? Ko busasshen icen ne, a ba ni in tafi da shi."

Nababa ya sunkuyar da kai. Huseina ce ta tashi, ta zagaya bayan ɗaki. Sai ga ta tana nishi, rungume da tukunyar ƙasa. Sandunan nan huɗu sun fitar da sababbin rassa jajaye, ganye shar, ga fure uku manya sun buɗe, ƙamshi ya cika tsakar gida. Rana da safe, inuwa da yamma, ragowar ruwan buta sau biyar a yini, ba taki, ba Nababa. Huseina ta fi wata guda da sanin haka, har ta canja wa tukunyar kwando mai girma. Ta yi shiru ne, in ji ta daga baya, don maganin ya ratsa Malam sosai.

Hajiya ta ajiye sanda ta tallafi fure ɗaya da tafin hannu. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Shekara huɗu rabonta da fure," ta ce. "Alhaji ne ke datse ta duk shekara, ina yi masa faɗa. Tun da ya rasu na kasa bari wuƙa ta taɓa ta." Ta shafa tsohon wurin da aka gutsure. "Malam, yankansa ne sak. Wa ya koya maka?"

Kai mai karatu, ga dama ta sake zuwa, ga shaidu. Hannun Nababa har ya kai kan hula zai gyara mata zama. Sai ya haɗa ido da 'yarsa. Ya sauke hannun, ya nuna gindin rumbu, inda jar akuya ke kwance tana tuƙa.

"Hajiya, gaskiya ba ni ba ne. Ga malamar can."

Hajiya ta dubi akuya, akuya ta dube ta. Sai ta fashe da dariya, hawayen bai ma bushe ba, tana dafe da gwiwar da aka yi wa aiki.

"Allah ya jiƙan Alhaji! Shekara talatin ina gaya masa yankansa irin na akuya ne, yana musu." Ta miƙa wa Ummukulthum hannu. "Taho 'yata, ba ni mijin nan nawa, ke ki riƙe tukunyar. Ki riƙe da kyau."

Karon farko ke nan da aka bar ta ta taɓa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin fure, bai faɗi tukunya nawa za su mutu kafin a kai gare shi ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa wardinsa, ko silifansa, ko fuskarsa a gidan surukai, kada ya nufo ƙofata, ba na gida. Wanda ya sha saiwa saboda basir, tsakaninsa da Mani. Masu neman aron akuya kuma su haƙura, an riga an kama ta: duk farkon bazara Munir kan zo ya ɗauke ta zuwa Bacirawa, tana gaban mota, Malam Nababa yana baya riƙe da igiya.