Layun Gonar Lemo

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a gonar lemo ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni. Lokacin shekarata huɗu a Jidda. Umra na zo na maƙale, kamar yadda da yawanmu suka yi. Na baro matata Hadiza da ciki wata biyar, saboda haka 'yata Maryam a kaset kawai na san ta. Duk wanda zai zo daga garinmu sai ya taho min da ɗaya. A nan na ji kukanta, a nan na ji gwarancinta. Sai in zauna a ɗakinmu na unguwar Waziriyya in yi ta mayar da wuri ɗaya baya har murya ta fara ja. Wallahi kewa ta ci ni.

Aikin ban ruwa nake yi a gonar wani Balarabe, can bayan gari ta hanyar Makka. Mutumin kirki ne. Ya ce in lemon bana ya yi kyau zai tsaya min a matsayin kafili, wato mai lamuni, ya nema min iƙama, takardar izinin zama, in je gida in dawo kan aikina. Tun daga ranar na koma kallon kowace bishiya kamar tikitin jirgi.

Sai ga annoba. Wasu fararen ƙwari ƙanana, an ce cikin dashen da aka sauke a tashar jiragen ruwa suka shigo ƙasar. Suka lulluɓe bayan ganye, ganye ya yi danƙo, ya yi baƙi, ya fara zuba. Muka yi feshi har muka gaji, kamar ma ƙara musu lafiya muke. Mai gona ya ɗauko wani muhandis, injiniyan gona ɗan Sudan, mai yawan shiru da rubuce-rubuce. Ni kuwa tuni na yanke hukunci a raina cewa wannan ba ƙwaro ba ne, hannu ne. (Kakana malami ne, kuma ba na bari a yi hira minti goma ban sanar da mutane ba.)

Ranar Alhamis na nemi izini na kai wa wani mai komawa gida saƙo. Juma'a babu aiki. Asabar na riga kowa zuwa. Ina shiga sai na ga kowace bishiya da 'yar takarda a naɗe, an ɗaure da zare an rataye a cikin ganye. Na kwance ɗaya. Rubutun da ban iya karantawa ba, ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a tsakiya.

Na ce, "La'ilaha illallahu! Ashe dai!"

Jama'a, ban tsaya tambayar kowa ba. Wa ma zan tambaya, bayan ni ne jikan malam? Na yi bismilla na bi bishiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ina tsinka ina tofa addu'a. Har wadda aka maƙala can sama sai da na hau na ciro, ƙaya ta yage min wando. Na tara su a tsohon gwangwanin fenti, na zuba kananzir, na ƙyasta ashana. Ina kallon hayaƙin ina jin kamar ƙafata ɗaya ta riga ta taka Kano.

Wajen ƙarfe tara mota ta tsaya. Mai gona ya fito, da muhandis, da Ammi Usman, shugaban ma'aikata, dattijon Bahaushe haifaffen Jidda da Hausarsa rabi Larabci ce. Muhandis ya nufi bishiyar farko yana murmushi, ya ɗaga ganye. Ya je ta biyu. Ya je ta uku da sauri.

Da na yi shiru, da wataƙila an ɗora wa iska. Ina! Sai na fito da gwangwanina, ƙirji a buɗe.

"Ammi, gaya musu su kwantar da hankali. Halas, an gama, na karya abin. Layu ne aka rataya mana, duk na ƙone."

Ammi Usman ya dubi tokar, ya dube ni. "Ya waladi, esh sawwet? Me ka aikata?"

Shi ya fassara min bayanin muhandis, a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya magana. Baƙaƙen ɗigon nan 'ya'yan wani irin zanzaro ne da bai kai ƙwayar gero ba. In sun ƙyanƙyashe, sai macen ta bi farin ƙwaron ta saka ƙwai a jikinsa, ɗanta ya cinye shi ta ciki. Daga ƙasar waje aka yo odarsu, a cikin sanyi, aka yi wata uku ana jira. Ranar Alhamis da ba na nan aka rataye su, aka naɗe takardun don kada rana ta kashe su.

Muhandis ya zauna a bakin rijiya ya dafe kai. Mai gona kuwa dariya ya yi har ya riƙe mota, yana maimaita "sihir, sihir". Ni da ya mare ni ma da ya fi min sauƙi. Ina tsaye da yagaggen wando, gwangwani a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

Bai kore ni ba. Amma kafin wasu 'ya'yan zanzaron su iso lemon bana ya tafi, alkawari ya koma na baɗi. Sai da na ƙara shekara ɗaya da rabi kafin na ga gida.

Ranar da na isa, Hadiza ta turo Maryam ta ce ta je ta gaishe ni. Yarinya 'yar shekara biyar, da kitsonta da ɗan mayafinta. Ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa, ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Sai da ta yi mako biyu kafin ta yarda ta zauna a cinyata.

Yanzu in na ga abin da ban gane ba, ko a ƙofar ɗakina aka rataye shi, sai na nemo wanda ya sani na tambaya. Batun kakana kuma na daina kawo shi a hira, Allah ya ji ƙansa, ba shi ya aike ni ba.